Yadda Za Ka Bi Diddigin Hukuncin da Ake Yi wa Kulob Kan Karya Dokar Kuɗi

Daren Juma'a 17 ga Nuwamban 2023, a teburin mai shayin da ke ƙofar gidan kallon ƙwallon unguwarmu a Agege, babu zancen da ake yi sai na Everton. Makon nan ba a buga ko wasa ɗaya a gasar Firimiyar Ingila ba, amma tun da rana ƙungiyar ta gangaro daga ta 14 zuwa ta 19, domin an zaftare mata maki 10 saboda asarar kuɗin da ta yi ta wuce iyakar da dokar gasar ta yarda. Wani dattijo mai sana'ar albasa a kasuwar Mile 12 ya ajiye kofinsa ya dube ni ya ce, "Malam, ka fahimtar da ni. Mutum ya zuba kuɗinsa a kasuwancinsa ya faɗi, shi ya ji zafin faɗuwar, sai kuma hukuma ta bi shi da hukunci?" Na ce, "Baba, ai kulob ba kamar buhun albasa ba ne, idan ya rushe akwai ma'aikata da masu bin bashi da mutanen gari guda da zai danne." Bai gamsu ba, kuma yana da gaskiya, domin amsar ta yi gajarta. Abin da ke tafe shi ne doguwar amsar, a jere bisa hanyar da mai son gane irin wannan labari ya kamata ya bi.

Mataki na farko: gano hukumar da ke tuhuma

Yawancin musun da ake yi a gidajen kallo yana tasowa ne daga haɗa dokoki daban-daban a ƙarƙashin suna ɗaya. Akwai dokar hukumar ƙwallon Turai, wato UEFA, wadda aka amince da ita a 2009 lokacin shugabancin Michel Platini, aka fara aiki da ita daga kakar 2011/12. Wannan ta shafi ƙungiyoyin da ke buga gasannin Turai ne kawai, don haka iyakar abin da UEFA za ta iya taɓawa shi ne kuɗin gasarta da gurbin shiga gasarta. Ba ta da ikon cire wa kowa maki a Firimiya. Akwai kuma dokar kowace gasa ta cikin gida. Ta Firimiya ita ce ta ci Everton da Nottingham Forest. Ta Sifaniya salonta daban ne, domin tun kafin a fara kaka ake yanka wa kowane kulob iyakar abin da zai kashe a kan 'yan wasa, kuma idan ya wuce ba za a yi masa rajistar ɗan wasa ba. Wannan ne ya sa Lionel Messi ya bar Barcelona a watan Agustan 2021, alhali shi da kulob ɗin sun riga sun daidaita.

Saboda haka tambayar farko da za ka yi wa kowane labari ita ce: wa ya kai ƙarar, kuma a ƙarƙashin wace doka? Idan ka samu amsar, ka riga ka san irin hukuncin da zai iya biyo baya da wanda ba zai yiwu ba.

Mataki na biyu: rarrabe irin laifin

Laifi mafi sauƙin ganewa shi ne asarar da ta wuce iyaka. A dokar Firimiyar da aka hukunta Everton da ita, an yarda kulob ya yi asarar fam miliyan 105 a cikin shekaru uku, da sharaɗin mai kulob ɗin ya tsaya wa fam miliyan 90 daga ciki da kuɗinsa. UEFA ta fara da yuro miliyan 45, ta sauko zuwa 30, sannan a sabon tsarin 2022 ta mayar da shi 60.

Na biyu shi ne riƙe haƙƙin mutane: albashin 'yan wasa da ma'aikata, kuɗin cinikin ɗan wasa da ake bin kulob, da harajin gwamnati. A kan wannan ne UEFA ta haramta wa Malaga shiga gasar Turai a watan Disamban 2012. Na uku sabo ne, shi ne rabon abin da ake kashewa a kan tawagar 'yan wasa idan aka auna shi da kuɗin shiga. UEFA ta fara da kashi 90 cikin 100, ta rage zuwa 80, ta tsaya a kan 70 daga kakar 2025/26, kuma lissafin ya haɗa albashin 'yan wasa da na koci, da kuɗin sayen 'yan wasa, da la'adar wakilansu. Ƙungiyoyin Firimiya ma sun kaɗa ƙuri'a a watan Nuwamban 2025 cewa za su koma irin wannan tsari, a kan kashi 85, daga kakar 2026/27.

Na huɗu shi ne mafi nauyi, wato zargin ba da bayanan da ba na gaskiya ba ko ƙin ba masu bincike haɗin kai. A nan ne za ka gane abin da ya sa shari'ar Everton ta ƙare cikin watanni, ta Manchester City kuwa ta ɗauki shekaru. Everton ta amsa cewa ta wuce iyaka, gardamar kawai a kan yawan abin da ta wuce da shi ce. City kuwa, a watan Fabrairun 2023 aka gabatar mata da tuhume-tuhume 115, mafi yawansu a kan shekarun 2009 zuwa 2018, ta kuma musanta su gaba ɗaya, aka zauna sauraron shari'ar daga Satumba zuwa Disamban 2024. Wanda ya amsa cewa ya yi kuskuren awo da wanda ake zargi da canza mudu amma ya rantse bai yi ba, ba zama ɗaya alƙali zai yi musu ba.

Mataki na uku: yi lissafin da kanka

A nan ne ya kamata ka zauna da takarda da biro, domin duk wanda ya gane wannan matakin, sauran ba za su ba shi wahala ba.

Ka fara da sanin cewa asarar da kulob ya bayyana a rahotonsa na shekara ba ita ce asarar da doka ke ƙirgawa ba. Ana cire abin da aka kashe a kan makarantar horar da yara, da ƙwallon mata, da ayyukan taimakon al'umma, da gina filin wasa ko filin atisaye, domin ana son kulob ya riƙa zuba jari a waɗannan. Rigimar Everton a nan ta ta'allaƙa. Kulob ɗin yana gina sabon fili a Bramley-Moore Dock, ya so a lissafa kuɗin ruwan wasu basussuka a cikin kuɗin ginin, kwamitin shari'a ya ƙi. Da aka gama cire abin cirewa, asararta ta tsaya a kan fam miliyan 124.5, wato ta wuce iyaka da 19.5.

Sai ka duba ko kulob ɗin ya yi duk shekarun uku a Firimiya. Shekarar da ya yi a ƙaramar gasa, fam miliyan 13 kawai aka yarda ya yi asara, maimakon 35 na kowace shekarar da ya yi a Firimiya. Nottingham Forest, inda Taiwo Awoniyi da Ola Aina ke wasa a lokacin hukuncin, shekaru biyu daga cikin ukun a ƙaramar gasa ta yi su, don haka iyakarta ta zama 13 da 13 da 35, jimla 61. Ta wuce da fam miliyan 34.5.

Yanzu ga abin da ya fi rikita mutane, wato yadda ake rubuta kuɗin sayen ɗan wasa. Wanda ya sayi keke Napep don haya a Legas ba ya cewa ya yi asarar duk kuɗin a ranar da ya saya. Yana raba kuɗin ne a kan shekarun da keken zai yi masa aiki, kowace shekara darajarsa tana raguwa. Haka kulob ke yi. Idan ya sayi ɗan wasa fam miliyan 50 a kwantiragin shekaru biyar, miliyan 10 zai riƙa rubutawa duk shekara. Bayan shekaru biyu darajar ɗan wasan a littafi ta zama 30. Idan aka sayar da shi 35, mu a gidan kallo za mu ce an faɗi da 15, amma akanta zai rubuta ribar miliyan 5, kuma nan take za ta shiga lissafin wannan shekarar.

Abubuwa biyu suka fito daga wannan. Na farko, tsawaita kwantiragi yana rage nauyin kowace shekara. Chelsea ta sayi Enzo Fernandez a farkon 2023 kan kusan fam miliyan 107 a kwantiragin shekaru takwas da rabi, abin da ya mayar da nauyinsa kimanin miliyan 12 da rabi a shekara, alhali da shekaru biyar ne da ya haura 21. UEFA ta toshe wannan ƙofa a tsakiyar 2023, Firimiya ta bi sahu a watan Disamba, aka ce ko kwantiragi ya kai shekaru nawa, a kan biyar za a raba kuɗin. Na biyu, yaron da kulob ya raina tun yana ƙarami ba shi da uwar kuɗi a littafi, don haka duk abin da aka sayar da shi riba ce zalla. Wannan ɓangaren dokar yana damuna ƙwarai, domin ya sa yaron gida ya zama farkon wanda ake kaiwa kasuwa idan lissafi ya ƙi daidaita. Chelsea ta sayar da Mason Mount da Conor Gallagher. A ƙarshen watan Yunin 2024 Newcastle ta sayar wa Forest Elliot Anderson, yaron da ya taso a hannunta, Aston Villa da Everton kuma kowace ta sayi matashi daga ɗayar, Tim Iroegbunam ya tafi Everton, Lewis Dobbin ya tafi Villa.

Dalilin wannan rububi na watan Yuni shi ne ranar 30 ga wata ce yawancin ƙungiyoyi ke rufe littafin shekara. Ka riƙe wannan rana da kyau, domin ita ta kayar da Forest. Kulob ɗin ya ƙi sayar da Brennan Johnson da wuri saboda yana neman farashi mai kyau, ya sayar wa Tottenham shi kan fam miliyan 47.5 ranar 1 ga Satumban 2023. A ido na ɗan kasuwa wannan dabara ce mai kyau, kowane mai kaya yana jiran kasuwa ta yi sama. Amma cinikin ya faɗa cikin sabuwar shekarar lissafi, kwamitin kuma bai karɓi uzurin ba.

Abu na ƙarshe da za ka bincika a lissafin shi ne kuɗin shiga da ya fito daga hannun dama zuwa na hagu, wato cinikin da kulob ya yi da kamfanin mai shi. Chelsea ta sayar da otal biyu ga wani kamfani na masu ita, daga baya ta sayar da ƙungiyarta ta mata ta irin wannan hanya. Firimiya ta bar wannan ya shiga lissafi bayan ta auna farashin, UEFA kuwa ba ta ƙirga irinsa. Shi ya sa kulob ɗaya zai tsira a gida a ci shi tara a Turai a kan littafi guda.

Mataki na huɗu: bi tafiyar shari'ar

A Ingila ba hukumar Firimiya ce ke yanke hukunci ba, ita mai gabatar da ƙara ce. Ana miƙa maganar ga kwamiti mai zaman kansa na mutum uku, galibi lauyoyi da masanin lissafi. A tsarin da aka yi amfani da shi a kakar 2023/24, kulob yana miƙa lissafinsa zuwa 31 ga Disamba, a tsakiyar Janairu a sanar da wanda ake tuhuma, sannan a yi ƙoƙarin kammala komai kafin kaka ta ƙare. A UEFA akwai sashen kula da kuɗin ƙungiyoyi mai zaure biyu, na farko yana bincike da yanke hukunci, na biyu yana sauraron ɗaukaka ƙara. Sau da yawa a Turai ba a kai ga shari'a, sulhu ake yi: kulob ya biya tara, ya sa hannu cewa zai daidaita lissafinsa cikin wasu shekaru.

Kwamitocin Ingila suna wallafa cikakken hukuncinsu, kuma a ciki ne ake ganin yadda aka kai ga adadin makin. Forest an fara mata da maki 6, aka rage 2 saboda ta amsa laifi da wuri kuma ta ba da haɗin kai, aka tsaya a kan 4 a watan Maris na 2024.

Mataki na biyar: karanta hukuncin har ƙasa

Kanun labari yakan ɗauki adadi mafi girma, don haka ka nemi sanin nawa ne za a biya nan take, nawa ne kuma aka jingine sai idan an sake laifi. A 2014 an ce an ci Manchester City da Paris Saint-Germain tarar yuro miliyan 60 kowace, amma 40 daga ciki jingina ce. Abin da ya fi taɓa su a fili shi ne rage musu yawan 'yan wasan gasar Zakarun Turai daga 25 zuwa 21. A watan Yulin 2025 UEFA ta ci Chelsea yuro miliyan 31, Barcelona 15, Aston Villa 11, tare da wasu kuɗin da aka jingine da kuma ƙa'ida a kan rajistar sababbin 'yan wasa a gasar Turai.

Matakan UEFA suna hawa ne daga gargaɗi zuwa tara, riƙe kuɗin gasa, hana rajistar sababbin 'yan wasa, rage yawan tawaga, har zuwa korar kulob daga gasa ko ƙwace kofi. An kori Galatasaray na shekara guda a 2016, AC Milan ta rasa gurbinta na kakar 2019/20, Juventus ta rasa nata na 2023/24 bayan an riga an cire mata maki 10 a Italiya. A ganina tara ita ce hukunci mafi rauni a wannan jeri, domin kulob ɗin da mai shi ke da rijiyar kuɗi zai biya ya ɗauke ta a matsayin kuɗin shiga kasuwa, ƙaramin kulob kuwa ita za ta ƙara durƙusar da shi. Cire maki da hana rajista su ne kowa ke ji a jikinsa.

Mataki na shida: kada ka rufe magana kafin ɗaukaka ƙara

Makin Everton 10 sun koma 6 a watan Fabrairun 2024, sannan aka ƙara mata 2 a watan Afrilu a kan tuhuma ta biyu, jimla 8, kuma ta tsira daga faɗuwa. Forest ta ɗaukaka ƙara ba ta yi nasara ba. Leicester City, a zamanin da Wilfred Ndidi ke can, ta yi nasara a watan Satumban 2024 ba tare da an shiga batun lissafinta ba, domin an yanke cewa lokacin da shekarar lissafin ta cika ta riga ta faɗi daga Firimiya, don haka kwamitin ba shi da hurumi a kanta. A Turai, matakin gaba shi ne kotun sauraron ƙararrakin wasanni da ke Lausanne a Suwizalan. A watan Fabrairun 2020 UEFA ta haramta wa City gasar Turai na shekaru biyu tare da tarar yuro miliyan 30, a watan Yuli kotun ta soke haramcin, ta ce wasu zarge-zargen ba a tabbatar da su ba, wasu kuma wa'adin shekaru biyar na gabatar da su ya wuce, ta bar tarar miliyan 10 saboda rashin haɗin kai.

A wannan mataki ne nake ganin babban aibin tsarin, wato jinkiri. Laifin Everton na farko ya shafi shekarun da suka ƙare da kakar 2021/22. A wannan kaka Everton ta gama da maki 39, Burnley ta faɗi da 35. Da an cire makin nan 6 a lokacin, da Everton ta koma 33, da kuma ita ce ta sauka, ba Burnley ba. Hukuncin ya zo bayan shekara ɗaya da rabi, ya faɗa a kan wata kaka dabam, ya amfani waɗanda ba su aka cutar ba. Saboda haka duk lokacin da ka ji an cire maki, ka tambayi shekarar da aka yi laifin, ka koma teburin wannan shekarar ka ga wanda abin ya shafa.

Idan maganar ta zo gida

A gasar Najeriya matsalar ba ta yawan kashe kuɗi ba ce. Yawancin manyan ƙungiyoyinmu na gwamnatocin jihohi ne, kuma kukan da aka fi ji daga 'yan wasa shi ne na albashi da kuɗin sa hannu da ake riƙe musu. Wannan shi ne laifi na biyu da na ambata a sama, kuma shi ne wanda ya fi kusa da mu, domin a Agege da Idi-Araba da Obalende ba a rasa gidan da ke da yaro mai neman sa'arsa a ƙwallo, a nan gida ko a wata ƙasa. Na taɓa ganin wani matashi ya dawo unguwa daga wani kulob da jakarsa kawai, yana bin watanni, kuma da aka tambaye shi takardar kwantiragi sai ya ce tana hannun jami'an kulob ɗin, shi ba a ba shi kwafi ba.

Dokar FIFA ta ba ɗan wasa hanya, amma sai da takarda. Ya karɓi kwafin kwantiraginsa mai sa hannun ɓangarorin biyu tun ranar farko, ya ɗauki hotonsa a waya ya tura wa wani na gida. Ya nemi a riƙa biyansa ta banki domin a samu shaidar watan da aka biya da wanda ba a biya ba. Idan aka riƙe masa albashin wata biyu, ya rubuta wa kulob takarda yana ba shi wa'adin aƙalla kwana 15 ya biya, ya kuma ajiye shaidar cewa takardar ta isa. Idan wa'adin ya cika ba a biya ba, yana da hujjar warware kwantiragin da neman haƙƙinsa. Rikicin da ke tsakanin ɗan ƙasa da kulob na ƙasarsa yana zuwa gaban hukumomin ƙwallo na cikin gida, wanda kuma ke wasa a ƙasar waje zai iya kai ƙara gaban kotun ƙwallo ta FIFA, kuma dole ya shigar da ita kafin shekaru biyu su wuce daga lokacin da bashin ya hau. Idan aka yanke masa hukunci kulob ya ƙi biya, ana iya hana kulob ɗin rajistar sababbin 'yan wasa har na tsawon kasuwar ciniki uku a jere, kuma da zarar ya biya ake ɗage haramcin.